Lambu irin na Faransawa a bayan gida: inda za ki je ki gani da abin da za ki dasa

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a sabon gida. In na fahimci tambayarki da kyau, kuna zaune ne a wajen Paris, bayan gidan akwai fili kamar mita 8 a faɗi 12 a tsawo, kina so ki mayar da shi lambu irin na Faransawan nan mai layi-layi, toh waɗanne lambuna ne ya kamata ki zaga ki gani tukuna, sannan waɗanne tsirrai zaki saya, tunda wata maƙociyarki ta ce kawai ki kwaso buis (shukar nan mai ƙananan ganye da ake yin gajeren shinge da ita) da wardi da lavande (mai shuɗin fure da ƙamshi) ki jera shikenan. Tsara lambu da kula da shinge shi ne sana'ata, don haka bari in gaya miki abin da nake gaya ma duk wanda ya zo min da irin wannan magana.

Dan Allah kar ki sayi komai yanzu. Lambun Faransawa ba furanni ba ne ke yin sa, layi ne da awo da almakashi. Ana fara shi ne daga ƙofar gida, a ja layi ɗaya miƙaƙƙe har ƙarshen fili, duk abin da aka sa a dama sai an sa ɗan'uwansa a hagu, abin da ke kusa da gida gajere ne mai ado da yawa don a kalle shi daga taga, in ana nisa kuma ado na raguwa tsirrai na ƙara tsayi har a kai ga bangon ganye da ya rufe wurin. Fure baƙo ne, ya zo wata biyu ya tafi. Shi ya sa lambun da aka yi daidai ko a watan Janairu kika je, babu fure ko ɗaya, zaki ga yana nan da kyansa, wanda kuma aka dogara da furanni yana shiga Nuwamba ya zama kango. In kin riƙe wannan toh ziyarar ma zata canza miki, zaki daina ɗaukar hoton fure ki koma kallon faɗin hanya da tsayin shinge.

Mutumin da zaki ta jin sunansa duk inda kika je shi ne André Le Nôtre, an haife shi 1613 ya rasu 1700, kuma gadon abin ya yi, babansa da kakansa duk masu aikin lambun Tuileries da ke cikin Paris ne. Kusan duk manyan wuraren da zan lissafa miki hannunsa ne.

Kowa Versailles, tsohuwar fadar sarakunan Faransa, zai ce ki fara zuwa, ni kam a'a. Ki fara da Parc de Sceaux. Jirgin ƙasa na RER B ke zuwa, shiga kyauta ne, babu cinkoson 'yan yawon buɗe ido, yara ma zasu samu wajen gudu. Colbert ministan kuɗin sarki Louis na 14 ne ya sayi wurin a 1670 ya kira Le Nôtre, kuma a 2013 an sake dasa fangulan adon da ke gaban gidan bisa tsohon zane, kinga kenan zaki ga yadda irin wannan aikin yake in bai tsufa ba. Ki tsaya a bakin matakala ki kalli fangulan daga sama, zanen ganyen da aka murɗa aka lanƙwasa tamkar aikin aska takwas a gaban babbar riga, sannan ki sauka ki je dab da su ki ga ashe abu uku ne kawai aka haɗa, ɗan gajeren shinge da ciyawa da tsakuwa mai launi. Ki kuma lura da bishiyoyin da Faransawa ke kira if, masu duhun kore, da aka yi wa aski suka yi tsini suna jere a gefen hanya, su ne ke ba ido wajen sauka.

Na biyu, kuma in wuri ɗaya kawai zaki biya kuɗi ki shiga toh ya zama shi, Vaux-le-Vicomte kusa da Melun, kamar kilomita 55 daga Paris, da mota ya fi sauƙin zuwa kuma ki duba ranakun buɗewa kafin ki fita don ba duk shekara yake buɗe ba. Nicolas Fouquet, mai kula da kuɗin Louis na 14 kafin Colbert, shi ne ya gina shi, ya haɗa mutum uku, Le Vau a gini, Le Brun a zane, Le Nôtre a lambu. Ranar 17 ga Agusta 1661 ya yi wa sarki gagarumin biki a can, ba a yi wata guda ba, 5 ga Satumba, aka kama shi a Nantes, daga nan sarki ya kwashi mutanen nan uku ya kai su Versailles. Abin da nake so ki je ki gani dai shi ne yadda aka yi wasa da ido. In kika tsaya a bayan gidan zaki ɗauka duka lambun kin gama ganinsa, kuma ƙarshensa ba nisa, sai kin fara tafiya zaki ga abin ba haka ba ne, kududdufan da ke nesa an yi su sun fi na kusa girma don su yi kamar girmansu ɗaya, ƙasa tana sauka mataki-mataki ba ki sani ba, kwatsam sai ga wata doguwar korama a gabanki ta gitta lambun wadda daga gidan kwata-kwata ba a hango ta. In kin kai babban kududdufin nan mai kusurwa huɗu ki zagaya bayansa ki juyo, zaki ga gidan gaba ɗaya a cikin ruwa. Duk wannan lissafi ne aka yi da igiya da turaku. A Vaux an jawo nesa ta zo kusa ne, ke kuma da filinki ƙarami akasin haka kike bukata, wato hanyar tsakiyarki ta fara da faɗin mita 1 da santi 20 a bakin ƙofa ta ɗan tsuke zuwa mita 1 a ƙarshe, ido zai ɗauka filin ya fi yadda yake tsawo.

Akwai kuma wani darasi a Vaux da ya shafi maganar maƙociyarki kai tsaye. Manyan fangulan buis ɗin da ke gaban gidan, waɗanda aka san wurin da su, ciwo da tsutsa suka cinye su har a 2019 aka tumɓuke aka sa wani zane na faranten alminiyam a gurbinsu. Wurin da ke da ma'aikatan lambu na dindindin kenan fa. Zan dawo kan wannan.

Versailles ki je, amma ki je da abin da kike nema. Filin ya kai kadada 800, babbar koramar kaɗai ta haura kilomita ɗaya da rabi, in kika ce komai zaki gani ƙafa ce kawai zata kumbura ki dawo ba ki koyi abin da zai shiga bayan gidanki ba. RER C ke kaiwa, lambun kyauta ne sai dai ranakun da ake kunna ruwa da kiɗa tsakanin Afrilu da Oktoba, ranakun nan ana biya. Wuri biyu nake turawa mutane. Ɗaya Orangerie, ginin ajiye itatuwan lemo da Hardouin-Mansart ya yi tsakanin 1684 da 1686, inda itatuwa sama da dubu ke zaune cikin akwatunan katako, lemo da rumman da dabinon ado da sauransu, a fito da su tsakiyar Mayu a mayar ciki tsakiyar Oktoba kafin sanyi. Ki kalle shi daga saman baranda. Ɗaya kuma Potager du Roi, lambun kayan miyan sarki, yana wajen fadar a cikin gari da ƙofarsa daban da kuɗin shigarsa daban, La Quintinie ya yi shi daga 1678 zuwa 1683, kadada 9, yanzu makarantar koyon tsara lambu ke riƙe da shi. Nan ne zaki ga tuffa da fiya (poire, ba avocado ba) an shimfiɗe rassansu a jikin bango da waya, itace guda bai ci faɗin taku ɗaya ba amma yana 'ya'ya. Ga mai ƙaramin fili babu dabarar da ta kai wannan amfani.

Game da ruwa kuma, ko Louis na 14 bai taɓa samun ruwan da ya ishi maɓuɓɓugan Versailles ba duk da katafaren injin Marly da aka kafa a kogin Seine, masu kula da famfo sai su riƙa yi wa juna fito suna buɗe wanda sarki ya doso suna rufe wanda ya wuce. Toh ke ɗan kwano ɗaya na dutse a tsakiya ya isa, in ma akwai ƙananan yara a bar ruwan gaba ɗaya a sa babban tulu da shuka a ciki. Haka ma mutum-mutumin da zaki gani ko'ina a can, ba dole ba ne, aikinsa kawai ya tsayar da ido a ƙarshen layi, tulu ko benci ko itace ɗaya mai aski zai yi wannan aikin.

A cikin Paris akwai guda uku na kyauta da zaki iya haɗawa da fita kasuwa. Tuileries, wanda Le Nôtre ya sake tsarawa a 1664, ki je don ganin yadda ake jera itatuwa a yi musu aski a sama. Luxembourg na sarauniya Marie de Médicis tun 1612, majalisar dattawa ke kula da shi, a can ki nemi ɗan lambun 'ya'yan itacen da ke kusurwar kudu maso yamma, har jakar takarda suke sa wa kowane ɗan itace don kare shi daga ƙwari, sannan ki lura da yadda suke haɗa launin furanni a gefen ciyawa. Sai Jardin des Plantes na 1635, wanda don zaɓen tsirrai ya fi duka amfani saboda kusan komai da allon sunansa a gindi, ki ɗauki hoton shukar ki ɗauki hoton allon, sunan Latin ɗin nan shi zaki nuna a wajen masu sayar da dashe kar a ba ki wani abu daban. Babban masallacin Paris na tsallaken titi, sai ki yi sallarki a nan, kuma lambun tsakar masallacin ma abin kallo ne duk da shi salon Andalus ne.

In kun samu hutun ƙarshen mako ku gangara Villandry kusa da Tours. Wani likita ɗan Sifen, Joachim Carvallo, ya sayi gidan a 1906 ya sake gina lambun bisa salon ƙarni na 16, wato ya girmi salon Le Nôtre, amma gaskiya shi ya fi kama da abin da mutum zai iya kwaikwaya a gida, fangali tara masu girma ɗaya kowanne da zanensa, kuma abin da ke ciki kabeji ne da latas da karas da albasa, an jera su bisa launi, da wardi mai doguwar ƙafa a kusurwoyi. Sau biyu a shekara suke sake shuka.

Wanda mutane suka fi mantawa kuma, ƙarshen makon farko na Yuni ma'aikatar al'adu na shirya Rendez-vous aux jardins, masu lambuna na kansu su buɗe ƙofa jama'a su shiga. Ki nemi na unguwarku. Ƙasarsu irin taki ce, sanyinsu irin naki ne, filinsu bai fi naki da yawa ba, kuma mai lambun na tsaye zaki tambaye shi me ya mutu masa me ya rayu. Wallahi awa ɗaya a irin wannan wurin ta fi miki yini guda a fada.

Duk inda zaki ki tafi da tef na awo a jaka. Ki auna faɗin hanya, tsayin gajeren shinge, tazarar da ke tsakanin itace da itace. Ki sunkuya ki buɗa cikin shinge ki ga tazarar da aka dasa su. In kin ga ma'aikata da safe ki gaishe su ki tambaya sau nawa suke aski a shekara, yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su. Kuma wuri ɗaya aƙalla, ko Sceaux ne, ki koma masa cikin hunturu.

Toh yanzu tsirrai, mu fara da buis ɗin. Shekaru ɗaruruwa shi ne ƙashin bayan wannan salon saboda ganyensa ƙanana ne, baya zubarwa, yana girma a hankali, yana jure aski da inuwa da ƙasa mai alli. Matsala biyu suka same shi. Ta farko tsutsar wani malam-buɗe-littafi na dare da ya zo daga gabashin Asiya, pyrale du buis, an fara ganinta a Faransa a 2008 ta yankin Alsace yanzu ta gama ƙasar, koriya ce mai baƙin kai tana saƙa kamar yanar gizo-gizo a cikin shuka, tana haihuwa zubi biyu zuwa uku daga Maris zuwa Oktoba, ku tafi hutun bazara gida ku dawo ki tarar da tsinke kawai. Ta biyu ciwon funfuna da ke baƙanta ganye ya kakkaɓe shi, shi kuma laima yake so. Kuma ki sani tun 1 ga Janairun 2019 doka ta hana masu gida amfani da magungunan ƙwari na kemikal a lambu. Cikin abin da ya rage na halal akwai feshin Bacillus thuringiensis, wata ƙwayar halitta ce da ke kashe tsutsar in ta ci ganyen, yana aiki sosai amma sai tsutsa na ƙarama, a fesa da yamma har cikin shukar, a kuma maimaita duk zubi, tare da tarkon ƙamshi da ke nuna miki lokacin da iyayen suka fara tashi. In kin san zaki iya wannan sintirin duk shekara toh ki sa buis kaɗan, ƙwallo huɗu ko shida a tukwane inda idonki ke kai, irin Faulkner ya fi jure funfuna amma tsutsa bata bar shi ba. Amma ki zagaye fangali gaba ɗaya da shi, ban ba ki shawara ba.

Kafin ki zaɓi madadinsa ki gwada ƙasarki. Ki haƙa rami kamar zurfin kamu biyu, ki ɗebi busasshiyar ƙasa ki ɗiga mata ruwan binega, in ta yi kumfa toh mai alli ce, kuma yawancin kewayen Paris haka take, ruwan famfo ma haka. Sannan ki cika ramin da ruwa ki ga ko zai tsotse cikin 'yan awanni ko zai kwana. Wannan gwajin mai sauƙi shi zai hana ki asarar kuɗi, saboda abin da zasu fara miƙo miki a shago a matsayin magajin buis shi ne Ilex crenata, a tukunya kamarsu ɗaya sak, amma shi ƙasa mai tsami yake so mai danshi, a ƙasa mai alli sai ya yi rawaya ya tsaya cak ya riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya, na ga shinge da yawa da aka yi asararsu ta haka. In binega ta yi kumfa ki wuce shi ko an rage kuɗi.

Abin da nake sawa a irin ƙasarku, in wurin na samun rana da ɗan inuwa, fusain mai ƙananan ganye, Euonymus japonicus Microphyllus, baya damuwa da alli kuma aski biyu a shekara ya ishe shi, sai dai a riƙa duba shi don ƙwarin nan masu manne wa reshe. In rana ce sosai kuma ƙasa bata riƙe ruwa, germandrée petit-chêne ko santoline mai ruwan toka, suna jure fari amma gefensu baya fita kaifi kamar na buis, laushi-laushi yake. Lonicera nitida shi ne mai araha, ko reshe kika tsinka kika soka sai ya kama, cikin shekara biyu ya rufe, illarsa saurin girman nan ne dai, in ba a bi shi da almakashi sau uku huɗu ko fiye a shekara ba sai ya yi buzu-buzu, toh ki tambayi kanki tsakani da Allah waye zai riƙa wannan askin, ke ko maigida ko yaran.

Mafi kyawun duka a wajena shi ne if, Taxus baccata, kore ne mai duhu, yana ɗaukar kowace siffa, aski ɗaya a ƙarshen bazara ya wadatar, ko an sare shi har tsohon itace yana tohowa, kuma zai fi mu daɗewa a duniya. Abu biyu zaki kiyaye. Baya son saiwarsa ta kwana a ruwa. Sannan guba ne, ganye da ƙwallon cikin ɗan, kuma macen tana yin jajayen 'ya'ya masu jan hankalin yara. Shi ma buis ba abin ci ba ne amma bashi da abin da zai ja yaro. In kina da masu rarrafe ko masu kai komai baki ki nemi namijin if wanda baya 'ya'ya, ko ki jinkirta shi har su yi wayo.

Bangon baya da ke rufe lambun, bishiyar charme, Carpinus betulus, babu dogon tunani. Shi ne dogayen bangayen ganyen da zaki gani a Versailles. Yana jure laka da alli, yana da araha in kika saye shi da saiwa tsirara, tazarar santi 50 zuwa 60, ganyensa na bushewa da kaka amma yawanci yana maƙale a jiki har sabo ya fito, don haka sirrin gida na nan ko da hunturu. Gefe biyu na dama da hagu kuma tunda faɗinki mita 8 ne kawai kar ki cinye shi da shinge mai kauri, ki sa fiya ko tuffa a waya irin na Potager du Roi, ana sayar da waɗanda aka riga aka horar, fiya a bangon da ya fi samun rana. Ki kuma kula da dokar iyaka, abin da zai wuce mita 2 a tsayi sai ya yi nesa da iyakar maƙoci da mita 2, wanda bai kai ba santi 50, sai dai wasu garuruwan musamman Paris da kewayenta na kusa suna da nasu tsarin, ki leƙa ofishin magajin gari ki tambaya kafin ki haƙa.

Bari mu yi lissafi don ki ga inda kuɗin yake. A filinki fangali huɗu zasu shiga, kowanne mita 2 da rabi a faɗi 4 a tsawo, hanya ta ratsa tsakiya wata ta gitta, ragowar ya zama wajen zama a bakin ƙofa da shingen baya. Kewayen kowane fangali mita 13 ne, huɗu ya zama mita 52, gajeren shinge kuma ana dasa kamar biyar a mita, dashe 260 kenan. Shi ya sa nake cewa a sayi ƙanana masu santi 10 zuwa 15, sun fi araha nesa ba kusa ba kuma sun fi saurin kamawa, ko a fara da fangali biyu na kusa da gida bana, a yanki rassa a raina sauran a gida don baɗi. Ƙasan hanya tsakuwa mai haske a kan ƙasa da aka daddaɓe, da ƙarfe ko katako a gefe don kar ta gauraya da ƙasa. Ciyawa a ƙaramin fili haka wahala ce kawai, ga yanka ga ban ruwa, kuma in fari ya yi tsanani irin na 2022 hukuma na hana ban ruwan ciyawa.

Cikin fangulan ne maganar maƙociyarki ke da gaskiya, amma da sharaɗi. Kala biyu, in ya yi yawa uku, kuma abin da kika sa a dama shi zaki sa a hagu. Lavande tana so rana daga safe har yamma da ƙasa mai tsotse ruwa, a laka mai nauyi hunturu ɗaya zai ruɓar da ita, irin Hidcote gajera ce ta dace, a yi mata aski bayan fure a Agusta kar a shiga tsohon itace, kuma ki sa a ranki bayan wasu shekaru zata tsufa ta buɗe a sake ta. Wardi ki nemi mai tambarin ADR, an gwada su ba tare da feshi ba, tunda feshin ma babu, ɗaya mai doguwar ƙafa a tsakiyar kowane fangali ya isa. Da kaka ki binne albasar tulip kala ɗaya don Afrilu. Ni da nawa ne ma fangali biyu na nesa kayan miya zan sa irin na Villandry, latas ja da kore layi-layi, kabeji, albasa, kuma alayyafo na yi sosai a bazarar Faransa in aka shuka shi bayan tsakiyar Mayu, jan nan musamman in ya tashi a cikin koren shinge ba ƙaramin kyau yake ba, ga miya kuma. Kuɓewa ce dai zafin Paris bai cika isarta ba sai a rumfar leda.

Lemo a akwati irin na Orangerie kowa na sha'awa, amma sai in kina da ɗaki mai haske mai sanyi-sanyi, kamar digiri 5 zuwa 10, inda zai yi hunturu. Falo mai hita kashe shi yake, ganye ya zube tas. In babu irin wannan ɗakin ki sa laurier-sauce, ganyen nan da ake jefawa a miya, a yi masa aski ya zama ƙwallo a kan sanda, biyu a bakin ƙofa, in sanyi ya tsananta a jawo su jikin bango a naɗe tukunyar. Ki kula da sunan da kyau a shago, laurier-rose daban ne, mai fure ne kuma guba ne mai ƙarfi, kar ganyensa ya kusanci kicin.

Lokacin dashe Nuwamba ne, su Faransawa ranar 25 ga wata suke kafa alama da ita, kuma masu saiwa tsirara ana iya sa su har Maris in ƙasa bata daskare ba. Dashen kaka na samun ruwan sama duk hunturu ya kafa saiwa kafin zafi, na Mayu kuwa da bokiti zaki raine shi. Kenan daga yanzu zuwa kaka aikinki yawo ne da awo da zane a takarda, sai ki kafa turaku ki ja igiya a filin ki bar su sati guda kina kallo daga tagar kicin da ta sama, in wani layi bai kwanta miki ba ki matsar da turke, ya fi sauƙi akan tumɓuke dashe 60. In kina son ganin masu rainon dashe na gaske ki yi magana da su baki da baki, ana kasuwar tsirrai a Chantilly a Mayu da Oktoba, da kuma Saint-Jean-de-Beauregard, ki tafi da hoton filin da sakamakon binegarki. Shekara biyun farko ban ruwa a gindi, mai yawa sau ɗaya a sati ya fi kaɗan-kaɗan kullum, kar a jiƙa ganye. Aski a ranar da ke da gajimare don rana na ƙona sabon yanka, a ja igiya a bi ta kar a dogara da ido, ƙasan shinge ya ɗan fi samansa faɗi don haske ya kai gindi, a goge almakashi da sifirit in za a tashi daga wata shuka zuwa wata. Babban shingen charme kuma a ƙyale shi daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Yuli saboda tsuntsaye na sheƙa a ciki.

Kin kuma ce wataƙila wata rana ki yi irinsa a gida in kun koma. Tsarin zai tafi ko'ina, tsirran ne ba zasu tafi ba, buis da if da charme ba zasu ga ƙarshen watan Afrilun Kano ko Zinder ba, kuma ɗaukar shuka a jirgi sai da takardar lafiyar tsirrai, don haka kar ki wahalar da kanki. Can lalle na yin shinge mai kyau in ana binsa da aski, duranta mai ruwan ɗorawa da masu fulawa ke sayarwa a bakin titi zata yi gajeren layi, dogayen bishiyoyin masquerade su tsaya a gurbin if masu tsini, lemun tsami da rumman kuwa a ƙasa zaki dasa su kai tsaye ba ruwanki da akwati ko ɗakin hunturu. Abin da zaki fara tanada a can shi ne rijiya ko tanki, don shinge mai aski baya yafe ƙishin rani.